Zaure Da Cikin Gida: Tsara Jerin Mashigai A Manhajar Intanet

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa yin rajistar kwasa-kwasai ta intanet ya ga abin da wannan maƙala za ta yi magana a kai, ko da bai kula ba. Kafin mutum ya sa lambarsa da kalmar sirri, abubuwan da ke jere a saman shafi ba su wuce uku ko huɗu ba, wato shafin farko da sanarwa da wurin shiga. Da zarar ya shiga sai jerin ya sauya. Ga wurin biyan kuɗi, ga na duba sakamako, ga sunansa a gefe, sannan kalmar "shiga" ta ɓace, "fita" ta maye gurbinta. Wannan jere shi ne masu harkar kwamfuta ke kira menu, ni kuwa a nan zan riƙa kiran sa jerin mashigai, domin kowace kalma da ke cikinsa ƙofa ce zuwa wani sashe na manhajar.

Ni ba ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba ne, nazarin harshe nake yi kamar mafi yawan masu karanta wannan mujalla. Abin da ya jefa ni cikin wannan sha'ani shi ne wani aikin aji da aka ba mu, na shiga unguwannin Hausawa da ke garin da muke karatu mu tattaro karin magana da tsofaffin kalmomi daga bakin dattawa. Takardu suka yi mana yawa, wasu suka ɓace, sai na ce bari in gwada ɗan abin da na koya lokacin hutu in haɗa mana manhaja da kowa zai riƙa zuba abin da ya samo. Na haɗa ta kuwa, kuma ta yi aiki, amma sai da ta jawo mana asarar da har yau nake jin kunyarta.

Kwamfutar da ba ta gane fuska

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, babbar kwamfutar da ke riƙe da manhaja, wadda ake kira uwar garke, ba ta tuna kowa. Ƙa'idar da burauza da uwar garke ke magana da ita, wato HTTP, wadda ta samo asali daga aikin da Tim Berners-Lee ya faro a cibiyar CERN a shekarar 1989, an gina ta ne a kan tambaya da amsa. Burauza ta nemi shafi, a ba ta, magana ta ƙare. Idan ta sake neman wani shafin bayan daƙiƙa ɗaya, uwar garke za ta ɗauke ta tamkar baƙuwar da ba ta taɓa gani ba. Sai ka ce maigadin da kullum ka gifta sai ya tambaye ka daga ina, ko da yanzu kuka gama gaisawa.

A shekarar 1994 wani injiniya na kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya fito da dabarar da ake kira kuki. Kuki ɗan guntun rubutu ne da uwar garke ke ba burauza ta ajiye, ita kuma ta riƙa nuna shi duk lokacin da ta dawo. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne 'yar lambar nan da ake ba ɗalibi idan ya ajiye jakarsa a ƙofar laburare. Lambar ba ita ce jakar ba, amma wanda ya nuna ta shi za a miƙa wa jakar. Haka abin yake a nan. Idan mutum ya sa sunansa da kalmar sirri suka dace, uwar garke za ta buɗe masa abin da ake kira zama, ta rubuta a wajenta cewa zama mai lamba kaza na wane ne, sannan ta ba burauzarsa lambar. Daga nan duk shafin da ya nema, da lambar za a gane shi. Harshen PHP da na yi amfani da shi yana da wannan tsari a cikinsa tun fitowar PHP 4 a shekarar 2000, don haka ban sha wahala a wannan gaɓar ba.

Ashe ke nan jerin mashigai ba a rubuta shi sau ɗaya a ajiye. Kowane shafi da za a aika, sai an duba ko akwai zama, a duba na wane ne, sannan a gina jerin da ya dace da shi.

Wa zai ga me

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma da farko na ɗauka ɗaya ce. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: me aka yarje maka? Kalmar sirri tana amsa ta farko ne kawai. A gidan Bahaushe, wanda ya yi sallama ya faɗi sunansa an san ko wane ne, amma wannan bai ba shi damar wuce zaure ba. Abokin maigida yana iya kaiwa shigifa, ɗan'uwa ya shiga har tsakar gida, turaka kuwa tana da nata masu shiga. Duk an san su, iyakar kowa ce ta bambanta.

A manhajarmu mutane iri uku ne. Akwai baƙo wanda bai shiga ba, shi karatu da bincike kawai zai yi. Akwai ɗalibi, wanda zai ƙara karin magana ya kuma gyara nasa. Sai edita, wato malamar da ke kula da aikin da kuma wakilin aji, su ne ke tace abin da aka kawo, su amince da shi ko su cire, kuma su kaɗai ne ya kamata su ga sunayen dattawan da muka yi hira da su da lambobin wayarsu. Ba a rubuta wa kowane mutum izininsa daban, matsayi ake ba izini, sannan a ɗora mutum a kan matsayin. Wannan dabara ce da David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara a rubuce a shekarar 1992, kuma amfaninta a fili yake: ranar da aka sauya wakilin aji, sunan da ke kan matsayin kawai za a canza. Wanda yake son ganin wannan tsari a aikace ya duba Wikipedia. Baƙo yana ganin wurin shiga da na buɗe asusu, wanda ya shiga yana ganin sunansa da shafin tattaunawarsa da jerin shafukan da yake bibiya, mai gudanarwa kuwa yana da ƙarin maɓallan goge shafi da kare shi.

Kafin a taɓa kwamfuta, ina ba da shawarar a ɗauki takarda a ja layi, a jera mashigai a gefe ɗaya, matsayai a sama, a yi alama a inda izini yake. Wannan na yi shi daidai. Inda na kauce shi ne abin da ya biyo baya.

Labule ba ƙofa ba ne

Na rubuta umarnin da ke cewa idan mai zama edita ne a nuna masa mashigar "Tacewa", idan ba shi ba ne a ɓoye. Na gwada da asusun ɗalibi, mashigar ba ta fito ba, na yi murna na ce aiki ya kammala. Abin da ban yi tunani ba shi ne, shafin tacewar yana nan da adireshinsa, kuma ban sa masa wani mai tsaro ba. Na cire allon da ke nuna hanyar ɗakin ne kawai, ɗakin kuwa a buɗe yake.

Wata rana wakilin aji ya ga wata karin magana da aka rubuta ba daidai ba, sai ya kwafi adireshin shafin da yake kai ya tura zaurenmu na WhatsApp domin mai ita ta gyara. Duk wanda ya latsa sai ya tsinci kansa a shafin edita. Ga sunayen dattawa, ga lambobin waya, alhali mun yi masu alkawari da bakinmu cewa daga mu sai malamarmu. Wani dattijo ma sai da muka je sau uku kafin ya yarda ya yi magana, kuma da wannan sharaɗin ya yarda.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A gefen kowane bayani akwai maɓallin cirewa, kuma da yake na ƙudurta komai da Hausa za a rubuta, sai na sa masa kalmar "Share", daga sharewa. Wata abokiyar karatunmu da ta saba da Facebook ta karanta kalmar da Turanci, ta ɗauka maɓallin yaɗawa ne, ta yi ta latsawa tana mamakin yadda abu ke ɓacewa. Kafin a ankara ta share aikin da wani ɗan ajinmu ya kwashe mako biyu yana yi, ni kuma ban ajiye kwafi ba. Wani ɓangare ya samo daga littafinsa na rubutu, sauran sai da ya koma unguwar. Ba laifinta ba ne, nawa ne, ta fuska uku: ban tsare shafin ba, na zaɓi kalmar da ke da fuska biyu, kuma ban sa manhajar ta tambaya kafin ta goge ba.

Daga baya na gane cewa wannan kuskure ba ni na fara shi ba. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma da ke addabar manhajojin intanet, ta sa raunin tsaron izini a matsayi na ɗaya a jerinta na shekarar 2021. Wannan bai rage mini kunya ba, amma ya nuna mini cewa ramin a kan hanya yake. Kuma a Nijeriya maganar ta wuce ta kunya kawai, domin tun shekarar 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Gyaran da na yi shi ne, kowane shafi kafin ya nuna komai sai ya tambayi uwar garke ko mai wannan zama yana da izini. A uwar garke ake wannan bincike, domin duk abin da aka ɓoye a cikin burauza da CSS ko JavaScript, mai ɗan sani zai iya tono shi. Idan baƙo ne ya nemi shafin ɗalibai, a kai shi wurin shiga, in ya shiga a mayar da shi inda ya nufa tun farko, amma a tabbatar adireshin da za a mayar da shi na cikin manhajar ne. Idan kuwa ɗalibi ne da ya riga ya shiga ya nemi shafin edita, mayar da shi wurin shiga ba shi da ma'ana, tun da an san shi. Sai a ba shi amsa mai lamba 403, wadda a ƙa'idar HTTP ke nufin an gane buƙatar amma an hana.

Wani abu da na koya a makare shi ne kada a rubuta izini a wuri biyu. Da farko na sa sharaɗi a jerin mashigai, na sa wani a shafukan, sai ya zama in na gyara ɗaya na manta ɗayan. Yanzu jadawali ɗaya ne, mai ɗauke da sunan mashiga da adireshinta da matsayin da aka yarje wa. Daga shi ake gina jerin, daga shi kuma mai tsaro ke karantawa. Duk shafin da ba ya cikin jadawalin a rufe yake ga kowa har sai an sa shi.

A ɓoye ko a nuna

Ba kowace mashiga ce da mutum ba shi da izininta ya kamata a ɓoye masa ba. A ra'ayina, abin da mutum zai iya samu in ya shiga, a nuna masa. Baƙon da ya ga "Ƙara karin magana" ya latsa aka ce ya yi rajista, ya san akwai abin da zai iya bayarwa. In an ɓoye, zai karanta ya tafi bai sani ba. Abin da ba zai taɓa samu ba kuwa, kamar sashen edita, nuna masa ba ya ƙara masa komai sai kwaɗayin taɓawa. Akwai kuma hanya ta uku, a nuna mashigar a dushe ba ta latsuwa, kamar bayan an rufe karɓar aiki. Wannan sai an haɗa da ɗan bayanin dalili, in ba haka ba mutum zai ɗauka wayarsa ce ta lalace.

Kada kuma wuraren mashigai su riƙa yawo. In "Bincike" ita ce ta biyu ga baƙo, ta zauna ta biyu ga ɗalibi, sababbin su biyo baya. Hannu yana da tasa haddar.

Fita

Fita ta fi shiga wahalar tsarawa, abin da ban zata ba. Wajibi ne a rushe zaman a uwar garke, domin in kuki kawai aka goge daga burauza, wanda ya riga ya kwafi lambar zai ci gaba da amfani da ita. Sannan akwai maɓallin komawa baya. Ɗalibi ya gama aiki a kwamfutar shagon buga takardu ko ta laburare, ya fita ya tashi, wanda ya zauna bayansa ya latsa baya, sai burauza ta fito da shafin da ta ajiye, da suna da komai. Maganin wannan shi ne a haɗa shafukan cikin gida da umarnin da ke hana burauza ajiye su. Haka nan in ana ajiye shafuka a uwar garke domin sauri, a ware jerin mashigai daga abin da ake ajiyewa, don kada Audu ya buɗe ya tarar ana yi wa Binta barka da zuwa.

Masana sun kuma fi son fita ta zama maɓalli mai aika umarni a maimakon adireshin da buɗe shi kawai ke fitar da mutum, saboda wani shafi na waje zai iya sa burauza ta buɗe adireshin ba da sanin mai ita ba. Tsarin gina manhaja na Django ya daina karɓar fita ta hanyar buɗe adireshi tun fitowar Django 5.0 a watan Disambar 2023. Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a kan gogewa. A waya kuwa, inda ake tattara mashigai a bayan 'yan layuka ukun nan, kada a binne fita a ƙarƙashin hawa uku, domin mu nan aron waya ba baƙon abu ba ne.

Inda ɗalibin harshe ke da ta cewa

Wannan sashe shi ya sa na ga maƙalar ta dace da wannan mujalla. Jerin mashigai da ke sauyawa bisa ga wanda ya shiga magana yake yi da mutum kai tsaye, Hausa kuwa ba ta yi wa mutum ɗaya magana sai ta bayyana jinsinsa. Turanci yana da kalma ɗaya ga mace da namiji, mu kuwa sai mun zaɓa tsakanin "ka" da "ki", tsakanin "shafinka" da "shafinki". Na fara da "Shafinka", 'yan matan ajinmu suka ce ashe ba da su aka yi manhajar ba. Gaskiyarsu ce.

Hanya ɗaya ita ce a tambayi jinsi lokacin rajista a ajiye fassara biyu ga kowace jimla. Yana yiwuwa, amma aiki ne ninki biyu, kuma baƙon da bai shiga ba ba a san jinsinsa ba. Nahawun Hausa da kansa ya ba mu mafita mafi sauƙi. Mallakar mutum na ɗaya ba ta duba jinsin mai abu, jinsin abin take dubawa. Mace da namiji duk "shafina" za su ce, duk "jakata" za su ce. Saboda haka in aka juya jerin ya zama mai amfani ne ke magana, an huta: Shafina, Bayanaina, Ayyukana. Haka kuma umarni tsura, wanda ba shi da wakilin suna a gabansa, bai san jinsi ba: Shiga, Fita, Aika, Goge. Saƙonni kuwa sai a ba su lamirin da ba ya nuna mai aiki. A maimakon "Ka fita" a ce "An fita". A maimakon "Ba ka da izini" a ce "Babu izinin shiga wannan shafi", wanda ma ya fi taushi a kunne. Wasu sun ba ni shawarar "ku" ta girmamawa, na gwada ta a saƙonni masu tsawo ta zauna, amma a kan maɓalli ta yi nauyi.

Akwai wani abu da na lura da shi wanda ya ba ni sha'awa. Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "shiga" da "fita" a rubuce suna iya zama umarni, suna iya zama sunan aiki. Wannan gibi da muke kuka da shi a ajin tsarin sauti, a nan ya zama alheri, domin ko ta wace fuska aka karanta, ma'anar ta isa. Sauran aikatau ba su da wannan sauƙi. Dole a zaɓa tsakanin "Bincika" da "Bincike", tsakanin "Goge" da "Gogewa", ga shi kuma "gogewa" tana nufin ƙwarewa. Ƙa'idar da na bi ita ce, mashigar da ke kai mutum wani wuri a ba ta suna, maɓallin da ke aikata wani abu a ba shi umarni. Kalmar "Share" kuwa na sallame ta har abada, kuma yanzu duk kalmar da zan sa sai na fara karanta ta da idon wanda ya saba da Turanci.

Haruffa masu ƙugiya ma sun ba ni nasu ciwon kan. In ba a sa shafi da rumbun bayanai duka a kan tsarin UTF-8 ba, "Ƙara" sai ta fito da alamar tambaya a gaba. Ita kuma alamar hamza da ke cikin sunaye irin su Sa'adatu da Mas'udu, da wadda ke gaban 'y, ita ce alamar da harsunan kwamfuta da yawa ke buɗe zance da rufe shi da ita. Ranar da mai irin wannan suna ta fara yin rajista manhajar ta ƙi karɓa. Duk sunan da mutum ya rubuta da hannunsa sai an bi da shi ta hanyar da za a ɗauke shi a matsayin rubutu zalla, wajen ajiyewa da kuma wajen nuna shi a saman shafi, in ba haka ba wani zai iya rubuta umarni a gurbin suna manhajar ta zartar.

Yanzu duk lokacin da na ƙara sabon shafi, nakan buɗe burauza uku, ɗaya a matsayin baƙo, ɗaya ɗalibi, ɗaya edita. Sai in kwafi adireshin kowane shafi na edita in liƙa a sauran biyun in ga abin da zai faru, wato in yi da gangan abin da wakilin ajinmu ya yi bisa kuskure. Abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba shi ne sunan shafin da ɗalibi ke fara sauka bayan ya shiga. Ni na sa masa "Zaure", wata ta ce ai wanda ya shiga ya wuce zaure, "Tsakar gida" ya kamata. Malamarmu ta ce a kawo maganar aji mako mai zuwa a kaɗa ƙuri'a.